Daga Ɗa'ifa zuwa Aziziyya: Me ke sa inabi ya yi daɗi?

A shagunan 'ya'yan itace da ke kan babban titin Aziziyya a Makka, da wuya a wayi gari babu inabi. Akwai kore, akwai ja, akwai baƙi; wani mai ƙwallo, wani babu. Abin da ke sauyawa shi ne rubutun da ke jikin kwalin. A watan Janairu za ka ga Afirka ta Kudu, a Maris ka ga Indiya, a Yuni ka ga Masar, sannan idan bazara ta yi nisa sai na gida ya shigo: na Tabuka, na Ƙasim, da kuma wanda mutanen Makka suka fi kira da suna, wato na Ɗa'ifa.

Ɗalibin Jami'ar Ummul Ƙura ko mai aikin hidimar alhazai da ya saba sayen rabin kilo bayan sallar isha'i ya san cewa ba duk inabi ne ɗaya ba. Wata rana a samu mai zaƙi da ɗan tsami-tsami da ƙamshi, wata rana a samu manyan ƙwayoyi masu ban sha'awa a ido amma salam a baki. Yawanci ana ɗora laifin a kan mai shago. Gaskiyar magana, an riga an yanke hukuncin ɗanɗanon tun a gona, watanni kafin kwalin ya iso Makka, kuma abubuwa uku ne suka yanke shi: yanayin wurin, irin ƙasar, da ranar da aka tsinke.

Sanin wannan yana da amfani ga mai saye. Ya fi amfani ga wanda ke tara riyal yana tunanin kafa lambun inabi a gida, domin noman inabi ya fara jan hankalin mutane a arewacin Najeriya, kuma harka ce mai cin jari kafin ta fara biya.

Gari biyu, tsakaninsu dutse

Makka tana cikin kwari, tsawonta daga doron teku bai kai mita 300 ba. A bazara zafin rana yakan wuce digiri 43, dare kuma ba ya sauka ƙasa da 29 ko 30. A lokacin aikin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Alƙur'ani kansa, a cikin addu'ar Annabi Ibrahim (AS), ya siffanta wurin da cewa kwari ne da ba a shuka a cikinsa.

Amma wanda ya fita daga Aziziyya ya bi hanyar da ta wuce ta gefen Arfa, ya ratsa Wadi Nu'uman, ya hau hanyar Hada mai lanƙwashe-lanƙwashe, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci zai tsinci kansa a wata duniya. Birnin Ɗa'ifa yana kan tsaunukan Sarawat, kimanin mita 1,800 daga doron teku. Hada ta kai mita 2,000, Shafa kuma ta wuce haka. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6 da rabi. Idan aka yi lissafi, Ɗa'ifa ta fi Makka sanyi da abin da ya kai digiri 10 ko kusa da haka, alhali rana ɗaya ce take haska su.

Wannan ratar ce ta sa tun kafin Musulunci attajiran Ƙuraishawa suke da gonaki a Ɗa'ifa, kuma inabi ne kan gaba a abin da ake nomawa. Masu karatun sira sun san labarin: a shekara ta goma da aiko shi, bayan mutanen Ɗa'ifa sun ƙi kiran Manzon Allah (SAW) sun kuma jefe shi, a lambun Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a ya fake, kuma inabi ne hadiminsu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa. Har yau akwai ƙaramin masallaci mai sunan Addas a unguwar Masna. A shekara ta 8 bayan hijira, lokacin da aka yi wa Ɗa'ifa ƙawanya, abin da ya fi tayar wa Banu Saƙif hankali shi ne umarnin sare itatuwan inabinsu. Suka roƙa a bar su saboda Allah da zumunta, aka kuwa bar su. Mutanen da suka jure kwanaki a cikin ganuwa sun san cewa gonar inabi ba a mayar da ita a shekara ɗaya.

Marubuta tarihin Makka sun kawo cewa Abbas ɗan Abdulmuɗɗalib, wanda shayar da mahajjata ke hannunsa, yana da gonar inabi a Ɗa'ifa, kuma yakan jiƙa zabibinta a ruwan da ake ba alhazai don ya yi daɗin sha. Yaƙut al-Hamawi ya ruwaito cewa gonar Amru ɗan Asi da ke Wahaɗ, kusa da Ɗa'ifa, an ɗora inabinta a kan sanduna miliyan ɗaya. Ko da an yi ƙari a adadin, ya nuna girman harkar. Ruwan da ke ciyar da ita kuwa, shaidarsa tana nan a tsaye: madatsar ruwa ta Saisad, gabas da birnin, tana ɗauke da rubutun da ya ce an gina ta ne don Mu'awiya a shekara ta 58 bayan hijira.

Ilimin da aka tara don wani abu dabam

Yawancin abin da aka rubuta a zamanin nan game da ingancin inabi ya fito ne daga Faransa, Italiya, Sifen da Amurka, inda kaso mai yawa na amfanin gonar giya ake yi da shi. A Saudiyya addini ya haramta giya, doka ma ta hana ta tun 1952. Sai dai itacen bai san abin da za a yi da 'ya'yansa ba. Abin da masu giya suka shafe ɗaruruwan shekaru suna lura da shi game da rana da ruwa da ƙasa, shi ne mai noman inabin ci, da mai shanya zabibi, da mai matse lemon inabi, da mai haɗa ruwan khal suke amfani da shi.

Abubuwa huɗu suke dubawa a cikin ƙwaya: sukari, tsami, bauri, da ƙamshi. Sukari da tsami suna cikin ruwan. Bauri, irin wanda ake ji a goro ko ɗanyen kanya, yana cikin ɓawo da ƙwallo. Ƙamshi da launi yawanci a ɓawo suke. Inganci shi ne daidaiton waɗannan. Sukari ba tsami yana gundura, kamar ruwan sukari zalla. Tsami ba sukari kuma kowa ya san yadda yake kashe haƙora.

Bambancin masu giya da masu ci yana wajen zaɓin iri. Su suna son ƙananan ƙwayoyi masu kaurin ɓawo, domin bauri da launi suke nema. Mai ci kuwa yana son babbar ƙwaya mai siririn ɓawo, mai ƙaras-ƙaras, in da hali marar ƙwallo. Shi ya sa sunayen da ake gani a kwalayen Aziziyya su ne irin su Thompson Seedless, wanda Larabawa ke kira banati, da Flame, da Crimson, da Red Globe mai manyan ƙwayoyi da ƙwallo.

Akwai kalmar Faransanci, teruwar, da ake nufin haɗuwar ƙasa da yanayi da gangaren wuri da hannun manomi a cikin ɗanɗanon abu. Bahaushe bai rasa wannan fahimta ba. Wanda ya ce albasar Galmi, ko kilishin Maraɗi, ko dankalin Jos, ko raken Maƙarfi, ya san cewa sunan wurin ba ado ba ne.

Rana tana dafawa, dare yana adanawa

Itacen inabi yana fara motsi ne idan zafi ya haura digiri 10. Ganyensa ya fi yin aiki tsakanin digiri 25 da 30, lokacin da yake haɗa sukari yana tura wa 'ya'yan. Da zarar an wuce 35 sai aikin ya fara ja baya, domin ganyen yana rufe ƙofofinsa don kada ruwa ya ƙare masa. Bayan 40 kuma ƙwayoyin da ke fuskantar rana sukan ƙone. Tun 1944 wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, Amerine da Winkler, suka fitar da hanyar tara yawan zafin da wuri yake samu a kakar noma, suka raba yankunan inabi gida biyar daga mafi sanyi zuwa mafi zafi, don manomi ya san irin da ya dace da wurinsa kafin ya dasa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne muhimmancin dare. Ƙwayar inabi tana numfashi dare da rana, kuma a cikin zafi tana ƙona wani ɓangare na tsaminta a matsayin makamashi. Idan dare ya yi zafi, tsamin yakan zube da wuri, kafin ƙamshi ya gama haɗuwa, sai a samu inabi mai zaƙi amma ba armashi. Launi ma haka: jan inabi da baƙi ba sa rinuwa sosai idan dare bai yi sanyi ba, shi ya sa wani lokaci ake ganin jan inabi da ya tsaya rabi ja rabi kore. Inda rana ke da ƙarfi dare kuma ya yi sanyi, sukari yana hawa, tsami yana sauka a hankali, su haɗu a tsakiya.

Wannan ne ya sa tsofaffin ƙasashen inabi suke tsakanin digiri 30 da 50 arewa ko kudu da tsakiyar duniya: ƙasashen Bahar Rum, Kalifoniya, Cile, yankin Kef na Afirka ta Kudu, kudancin Ostireliya. Ɗa'ifa tana wajen digiri 21 ne kawai, wato a taswira ta fita daga layin. Tsawon dutse ne ya mayar da ita ciki. Abin da wasu ƙasashe suka samu ta nisa daga tsakiyar duniya, ita ta same shi ta hawa sama.

Dutsen ya ba ta wani abu kuma: hunturu. Itacen inabi a asalinsa yana buƙatar hutu. Idan sanyi ya shigo yakan zubar da ganye ya yi kamar ya mutu, ya tara abinci a jijiya da gangar jiki, sannan ya farka gaba ɗaya idan ɗumi ya dawo. Sanyin Disamba da Janairu a Ɗa'ifa da Tabuka ya isa ya sa shi wannan barci. A kwarin Makka ba ya samu.

Ruwan sama: aboki a farko, abokin gaba a ƙarshe

Manomin gero yana addu'ar ruwa har kusan girbi. Manomin inabi yana son ruwa lokacin da itacen ke fitar da sababbin rassa da kuma lokacin da ƙwayoyi ke girma, amma daga ranar da suka fara laushi suna sauya launi, ba abin da yake tsoro kamar hadari. Ruwa a wannan lokaci yana kumbura ƙwaya har ta fashe, yana tsinka zaƙin, yana kuma kiran funfuna.

Cututtukan funfuna su ne manyan maƙiyan inabi a duk duniya, kuma laima ce abincinsu. Ɗaya daga cikinsu ta shiga Faransa daga Amurka a 1878 ta yi ɓarna mai yawa, har wani masani mai suna Millardet ya fitar da maganinta a 1885, haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa, wanda ake kira haɗin Bodo kuma har gobe ana fesa shi. A wuri mai laima manomi yakan yi feshi sau da yawa a kaka ɗaya, kowane feshi kuma kuɗi ne.

Ruwan saman Ɗa'ifa a yawancin shekaru bai kai milimita 200 ba, kuma iskarta busasshiya ce lokacin da inabi ke nuna a tsakiyar bazara. Wannan ya rage mata cuta. Amma ya sa dole a yi ban-ruwa, da rijiyoyin kwari da madatsu da ruwan da ake tarewa a kan gandun dutse. Wanda ke ba da ruwa da hannunsa yana da iko da ba ya samuwa ga mai jiran sama: zai iya rage ruwan idan nuna ta gabato, don ƙwayar ta tattara zaƙinta. Masu noman inabi na ci suna yin haka da lissafi, domin ƙishi idan ya yi yawa ƙwayar ba ta girma.

A nan ne kuma matsalar Ɗa'ifa ta yau take. Birnin ya faɗaɗa, gidaje da wuraren shaƙatawa sun cinye wasu tsofaffin lambuna, ruwan sha na gari kuma daga matatar Shu'aiba da ke bakin Bahar Maliya ake turo shi ya hau dutse. Ruwan da aka tace daga teku aka hau da shi kusan mita 2,000 ya fi ƙarfin a shayar da gona da shi. Don haka lambunan da suka rage a kwaruruka irin su Wadi Liyya, da ƙauyukan kudancin birnin, sun dogara ne ga rijiya da abin da sama ta bayar. Yawan inabin Saudiyya yanzu daga manyan gonakin arewa yake fitowa, Tabuka da Ƙasim da Ha'il da Jauf, inda ake ban-ruwa na ɗigo da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Na Ɗa'ifa ya zama na ɗan lokaci, mai suna, kuma sunan ne ke sa wasu masu talla su laƙaba shi ga inabin da bai taɓa ganin Hada ba.

Ƙasar da masara za ta raina

Idan aka ba manomin Kura ko Kadawa zaɓi, fadama mai baƙar ƙasa zai ɗauka. Ga inabi wannan zaɓin kuskure ne. Abu na farko da itacen ke nema a ƙasa shi ne ruwa ya wuce, kada ya kwanta. Jijiyarsa tana son iska, kuma tana iya nutsawa mita da yawa idan ba ta ci karo da dutse ko ruwa ba. A laka mai riƙe ruwa jijiyar takan ruɓe. A ƙasa mai taki da yawa kuma itacen yakan shagala da fitar da ganye da rassa, inuwa ta rufe 'ya'yan, nuna ta yi jinkiri, funfuna ta samu maɓoya.

Fitattun gonakin inabi na duniya suna kan ƙasar da wani amfanin zai raina. A Medok ta yankin Bodo tsakuwa ce. A yankin Shamfen farar ƙasa ce mai kama da alli. A gaɓar kogin Mosel na Jamus faffaɗan dutse ne mai ɓarewa, a kan gangare mai tsini, yana shan zafin rana yana mayar wa itacen da dare. A tsibirin Lanzarote na Sifen ana haƙa rami a cikin tokar aman wuta, a dasa itace ɗaya, a kewaye shi da ɗan gajeren bangon dutse saboda iska. Ƙasar kwarurukan Ɗa'ifa ta shiga wannan sahu: yashi ne da tsakuwa da ambaliya ta wanko daga duwatsu, ruwa yana ratsa ta nan da nan.

Ana yawan cewa ana jin ɗanɗanon dutsen a cikin inabi. Abin da masana suka fi tabbatarwa shi ne ƙasa tana tasiri ne ta hanyar yadda take riƙe ruwa da sakinsa, da yadda take ɗaukar zafi, da yawan abincin da take ba itacen. Waɗannan ne suke tsara girman ƙwaya da saurin nuna, su kuma su tsara ɗanɗano.

Abu biyu ne suke kashe gonar inabi a ƙasashe masu zafi. Na farko gishiri. Inabi ba ya jure gishiri kamar dabino, kuma inda ake ban-ruwa da rijiya mai ɗan zartsi, gishirin yana taruwa shekara bayan shekara har gefen ganye ya fara ƙonewa. Na biyu ƙwarin da ke cin jijiya. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Turai daga Amurka ya kusa shafe gonakin Faransa. Maganin da aka samu shi ne wanda duk mai lambun mangwaro ya sani: aure. Aka riƙa ɗora reshen inabin Turai a kan gindin inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Yau yawancin manyan gonakin inabi na aure ne, kuma ana zaɓen gindi gwargwadon matsalar wuri. A Indiya, misali, wani gindi mai suna Dogridge ya yaɗu saboda yana jure fari da gishiri.

Ranar tsinka, da abin da mai saye zai duba

Mangwaro da ayaba da gwanda suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su. Inabi ba ya yi. Zaƙin da yake da shi ranar da aka yanke shi daga itace, da shi zai ƙare. Ajiye shi a kan tebur kwana uku ba ya ƙara masa komai sai yaushi.

Shi ya sa manyan gonaki suke auna sukari kafin girbi da wata 'yar na'ura da ake ɗiga mata ruwan ƙwaya ɗaya. Ma'aunin sunansa birikis, kuma kusan yana nufin giram nawa na sukari ke cikin giram 100 na ruwan. Ƙa'idar cinikin ƙasa da ƙasa ta sa 16 a matsayin mizanin inabin ci, sai dai in tsaminsa ya yi ƙasa sosai a karɓi wanda bai kai ba. Wanda za a yi zabibi da shi ana barinsa ya wuce 20, kuma kilo huɗu ko fiye na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya na busasshe. Manomin da zai aika kaya a jirgin ruwa tafiyar makonni yana da dalilin tsinka da wuri. Na Ɗa'ifa, wanda kayansa za su kwana ɗaya su isa kasuwar Ka'akiyya a Makka, zai iya jira. Rabin sirrin daɗin inabin gida ke nan.

Ga mai saye a Aziziyya, akwai alamomi masu sauƙi. A duba tsinken da ƙwayoyin ke maƙale a jiki: kore mai laushi alamar sabo ne, busasshe mai launin ƙasa ya daɗe. A ɗaga curin a ɗan girgiza. Idan ƙwayoyi suna zubowa, a bar shi. Farin abin nan mai kama da hoda a jikin ƙwaya ba magani ba ne, kakin da itacen ke yi ne don kare ta, kuma kasancewarsa yana nuna ba a jagwalgwala kayan ba. Koren inabi idan ya nuna yakan ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa. Girman ƙwaya ba ya nuna zaƙi, domin irin marasa ƙwallo ana fesa musu wani sinadarin girma don su kumbura. Idan mai shago ya yarda a ɗanɗana, a ɗauki ta can ƙasan curi, wadda yawanci ita ce ke baya wajen nuna. A gida a sa a firiji ba tare da wankewa ba, a wanke lokacin ci. Lemon inabin da aka matse a gida kuma kada a bar shi a waje a zafin Makka, domin yis ɗin da ke jikin ɓawo yana fara aiki a kan sukarin cikin ɗan lokaci.

Kalanda ma tana taimakawa. Inabin Ɗa'ifa na tsakiyar bazara ne zuwa ƙarshenta, daga wajen Yuli zuwa Satumba. A 2018 da 2019, da aka yi Arfa a watan Agusta, alhazai sun tarar da shi a kasuwa. A 2025 an tsaya Arfa ranar 5 ga Yuni, kuma kowace shekara Hajji yana matsowa baya da kwana 10 ko 11. Don haka alhajin da aka miƙa wa inabi a watan Mayu aka ce masa na Ɗa'ifa ne, yana da dalilin ya nemi ganin kwalin.

Ga mai tunanin lambu a gida

Ƙaramar Hukumar Kudan a Jihar Kaduna, arewa da Zariya, ta yi suna a 'yan shekarun nan da noman inabi, kuma hotunan rumfunanta sun zagaya Facebook da WhatsApp har sun iso wayoyin mazauna Makka da Jidda. Abu ne mai yiwuwa, amma da sharuɗɗan da suka bambanta da na Ɗa'ifa.

Zariya tana wajen digiri 11 daga tsakiyar duniya, tsawonta bai wuce mita 700 ba, kuma tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba. Damina ga inabi lokacin cuta ne. Abin da yankin yake da shi mai daraja shi ne rani: watanni ba ruwa, rana mai ƙarfi, da sanyin daren hunturu. Dabarar noman inabi a irin wannan wuri ita ce a tilasta wa itacen ya yi 'ya'ya a cikin wannan taga.

Indiya ce ta fi ƙwarewa a haka. A Nashik, wadda tsawonta daga teku ya yi kusa da na Zariya, kuma ita ma tana da damina da rani, ana yi wa itacen aski sau biyu a shekara. Na farko a watan Afrilu, bayan girbi, don ya fitar da sababbin rassa ya tara ƙarfi a cikin damina. Na biyu a Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, wanda shi ne ke kawo fure da 'ya'ya, a girbe daga Janairu zuwa Afrilu. Tunda babu sanyin da zai sa itacen barci, almakashi da janye ruwa ne suke maye gurbinsa. A kwarin kogin Sao Faransisko na Burazil, inda ruwan sama ba shi da yawa, da wannan dabara ake girbi sau biyu a shekara.

Wanda zai tura kuɗi gida don wannan harka, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi kafin a sayi dashe ko ɗaya. Shin filin jigawa ne mai zurfi ko fadama? A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a tsakiyar damina a ga ko ruwa yana kwana a ciki. Shin akwai ruwan da zai kai daga Oktoba zuwa Afrilu, kuma an gwada gishirinsa? Wane iri ne, an yi masa aure, a kan wane gindi? Wa zai yi askin, kuma a ina ya koya? An sa kuɗin rumfa da waya da ragar tsuntsaye da maganin gara a cikin lissafi? Sannan wa zai saya a makon da kayan suka nuna, tunda inabi ba ya jiran kasuwa kuma ba ɗakin sanyi a yawancin ƙauyuka? Itacen yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ya fara biya sosai, amma idan wurin ya karɓe shi yana iya yin shekaru ashirin ko fiye yana bayarwa.

Mazauna Makka suna da wata dama da manomin gida ba shi da ita: makarantar tana bayan gari. A watan Agusta, hawa ɗaya zuwa Hada ko Shafa ya isa mutum ya ga yadda ake ɗora itacen a rumfa, ya damƙi ƙasar ya ji tsakuwarta, ya tsaya har magariba ya ji yadda iska ke sauyawa, sannan ya sayi curi ɗaya a bakin hanya ya gwada shi da wanda ya bari a firiji a Aziziyya.